Da hannu, MapStruct ko ModelMapper: wanne ya dace da aikinka?

Duk wanda ya taɓa gina manhajar da ke aiki da rumbun bayanai ya san wannan wahalar. Kana da Entity, wato abin da ke wakiltar bayanan rumbu a cikin kod, mai ɗauke da komai, har da kalmar sirrin mai amfani, ga kuma DTO, wato ƙunshin bayanan da za ka tura waje, wanda bai kamata ya ɗauki sirrin ba. Dole a samu mai tsayawa a tsakani, yana kwasar bayanai daga wannan yana zuba wa wancan. Tambayar kawai ita ce wa zai yi aikin: kai da hannunka, ko kayan aikin Java da aka ƙera don haka, irin su MapStruct da ModelMapper.

Idan nau'ukan abubuwanka ba su wuce biyar ko shida ba, rubuta da hannunka ka huta. Kowa zai karanta ya gane, ba ka kuma jingina da kowa ba. Aibinsa mantuwa: ka ƙara gurbi (field) a Entity, ka manta da DTO, babu mai tuna maka.

ModelMapper yana da daɗi a ranar farko. Layi ɗaya, ya duba sunayen gurabe ya haɗa masu kama da juna. Sai dai yana yin haka ne a lokacin da manhaja ke gudana, kuma hasashe yake yi. Inda sunaye suka yi kusa da juna yakan rikice, inda bai samu abokin gurbi ba kuma yana iya barinsa fanko bai ce uffan ba, sai in ka kira validate, umarninsa na binciko guraben da ba a haɗa ba, da kanka. Dozer, wani kayan aiki irinsa, shi ma wannan hanyar ya bi, yanzu kuwa an daina raya shi, don haka kada ka fara sabon aiki da shi.

Ni dai MapStruct nake zaɓa a Java, kuma ba don sauri kaɗai ba, ko da yake ya fi ModelMapper da Dozer sauri. Kai ne za ka rubuta interface, wato jerin ayyukan da kake so ba tare da kod ɗinsu ba, shi kuma ya samar da kod na Java na yau da kullum a lokacin haɗa manhajar, wanda za ka iya buɗewa ka bi layi-layi. Ka sa saitinsa na unmappedTargetPolicy a kan ERROR, duk gurbin da aka bari ba a cika ba a abin da ake zuba wa bayanai zai hana manhajar haɗuwa tun a kwamfutarka, kafin kuskuren ya kai ga jama'a. Saitin farko ne ke da ɗan cin rai, musamman in kana amfani da Lombok, mai rage maka maimaita kod a Java, don sai ka ƙara lombok-mapstruct-binding kafin su jitu.

Masu C# kuwa su duba lasisi tukuna. AutoMapper na Jimmy Bogard ya daɗe yana jan ragama, amma a 2025 ya koma tsarin lasisin kasuwanci, abin da ya shafi manyan kamfanoni. Mapperly kyauta ne, kuma irin aikin MapStruct yake yi, shi ma yana rubuta kod ɗin a lokacin haɗawa.