Awa Huɗu a Gefen Titin M62 Tare da Baffa

'Yan uwa na gida, kun sha tambayata yadda harkar mota take a Ingila, ni kuma kullum da yabo nake ba ku amsa. Yau abin da zan faɗa muku ya ɓata mini rai, kuma har yanzu bai sake ni ba.

Akwai wani dattijo ɗan ƙasarmu a layinmu a Manchesta, Baffa muke ce masa. Shekararsa 79. Tun cikin shekarun 1970 ya zo ƙasar nan, ya yi aiki har ya yi ritaya, kuma ya daina tuƙin dare saboda idonsa. Wata Asabar cikin Disamba ya ce in kai shi Leeds ya dubo amininsa da ke kwance a asibiti, mutumin da suka sauka ƙasar nan a jirgi ɗaya. Ƙarfe takwas na dare ake hana masu dubiya shiga ɗakin. Muka tashi ƙarfe uku saura, tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba.

Titin M62 ya ratsa ta kan tsaunukan Pennine ne. Kusa da mahaɗa ta 22 yake kaiwa tsayin mita 372, wurin da ya fi ko'ina tudu a manyan titunan Ingila. Babu gida, babu bishiya, sai ciyawa da iska. A daidai nan fitilar batir ta kama ja, sitiyari ya yi tauri a hannuna, allurar zafi ta fara hawa. Fanbel ne ya tsinke. Na lallaɓa na gangara gefen da aka ware wa motar da ta lalace, na kashe.

Gaskiya ɗaya ce, tsarin titin abin a yaba ne. Duk mita 100 akwai ɗan turke mai lamba, duk mil guda akwai wayar gaggawa mai ruwan lemo, saboda haka ba sai ka tsaya kana kwatance ba, lamba kawai za ka karanta a san inda kake. Dokar hanya ta ce ka kunna fitilun nan huɗu masu ƙiftawa, kowa ya fita ta ƙofar hagu, a tsallake shingen ƙarfe a koma can sama. Ba a yarda ka buɗe bonet ka ce za ka yi gyara ba, ko alamar gargaɗin nan mai kusurwa uku ba a ajiyewa a irin wannan titi. Mun ma yi sa'a akwai gefen. A wasu sassan an mayar da shi layin tafiya, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce har gwamnati ta soke gina sababbin irinsu a 2023. Na kama hannun Baffa na tsallakar da shi shingen, gwiwarsa na karkarwa.

Ina da rajista da ɗaya daga cikin kamfanonin da ke kawo ɗauki idan mota ta mutu a hanya. Shekara shida suna cire kuɗinsu daga asusuna, ko kwana ɗaya ba su taɓa makara ba, ni kuma ban taɓa kiransu ba sai ranar. Na'ura ce ta ɗauka. Latsa ɗaya, latsa uku, sannan ta ce ai ya fi sauri in shiga manhajarsu. Na shiga da yatsu masu sanƙarewa, manhajar ta ce ba ta gane inda nake ba. Na sake kira, aka saka mini kiɗa minti ashirin. Da mutum ya ɗauka na gaya masa muna kan babban titi, da dattijo ɗan shekara 79, ga sanyi. Ya ce an saka mu a sahun farko, bakanike zai iso cikin awa ɗaya.

A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi a nan. Duhu ya rufe, iska ta tashi, irin wadda ke ratsa riga ta shiga ƙashi. Biyar saura saƙo ya shigo wayata: an ɗaga zuwa shida. Shida ta yi, wani saƙon ya ce bakwai saura kwata. Ana ta gafara sa, ba mu ga ƙaho ba. Da na sake kira sai wata ta ce ba bakanike za a turo ba, janwe ne, kuma an miƙa aikin ga wani gareji, ita ma ba ta san inda direban yake ba. Babu wanda ya yi mana tsawa, babu wanda ya zage mu. Kowa da murya mai taushi, kowa yana ba da haƙuri, kuma babu ko ɗaya da zai iya cewa ga lokacin da za a zo. Wannan ladabin da babu aiki a bayansa ya fi zagi ƙona rai.

A tsaye a bayan shingen nan na tuna gida har idona ya kawo ruwa. Motoci dubbai suka wuce mu, babu wadda ta tsaya, kuma ba laifinsu ba ne, doka ce ta hana. Da a gida ne, kafin injin ya huce mutum uku sun tsaya. Wani ya ce sannu, wani ya leƙa, wani ya hau babur ya ɗauko bakanike da fanbel a hannu, a ɗaura a wuce. Dattijo kuwa ba zai yi minti goma a tsaye ba, mai mota na farko zai ce Baba shigo in kai ka. Ba rajista, ba manhaja.

Amma kada wannan ya sa ku ji daɗi. Mu ne dai muke barin tirela ta mutu a tsakiyar hanya kwana uku, a kakkarya ganye a jera a kan kwalta a ce an sa alama, da dare wani ya zo ya afka mata. Mu ne bakanike zai ce maka "yanzun nan", motarka ta yi sati biyu a gareji.

Abin da ya tsaya mini a rai ya faru ne wajen ƙarfe shida da rabi. Na ga Baffa ya yi shiru, sai na ce, "Baffa, a yi haƙuri. Idan yau ba ta yiwu ba, ai sai mu dawo wani satin." Ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Ɗana, wani satin kai ne za ka ba ni shi?" Ya ciro wani ɗan littafi daga aljihun kwat, ashe tun kiran farko yana rubuta lokacin kowane alkawari da wanda ya yi shi. Ya ce in ba shi wayar.

Bai ɗaga murya ba. Ya gaya wa matar kamfanin shekarunsa, ya gaya mata amininsa na kwance ƙofa za ta rufu ƙarfe takwas. Ta ce ta fahimta, tunda dai muna wuri mai aminci a ƙara haƙuri kaɗan. Ya ce mata ba ta fahimta ba. Ya ce tun da ya cika 70, lasisin tuƙinsa ma shekara uku-uku gwamnati ke sabunta masa, domin ta san lissafinsa ya gajarta. Ya ce wanda ke da shekara talatin idan aka cinye masa yamma ɗaya yana da dubbai a gaba, shi kuwa nasa a ƙirge suke, na amininsa sun ma fi nasa kaɗan. Ya ce shi ba haƙuri ya zo saya ba, gaskiya yake so: da an ce masa tun ƙarfe huɗu babu mai zuwa kafin bakwai, da ya kira ɗan amininsa sun san dabarar da za su yi. Matar ta yi shiru. Ni ma na yi shiru, domin abin da ta yi masa shi ne na yi masa minti biyar kafin nan.

Na daɗe ina ɗaukan cewa wanda ya yi ritaya lokaci ya yi masa yawa. Haka yawancinmu muke gani. Muna durƙusa wa dattijo, mu cire takalmi, mu karɓi kayan hannunsa, sannan mu bar shi a layin tantance 'yan fansho tun asuba har la'asar, a ce masa ya dawo gobe. A gayyace shi taro ƙarfe goma, ya zo goma saura ya zauna, masu taron su iso bayan azahar babu mai jin kunya. Ka yi wa mahaifinka alkawarin zuwa da safe, ka je da magariba, a ranka kana cewa ai yana gida, ina za shi? Ya sa rigarsa tun hantsi yana zaune yana sauraren ƙarar kowace mota. Ba zai yi maka faɗa ba, mu kuma sai mu ɗauki shirunsa a matsayin bai damu ba. Dattawan da na gani a nan, Turawa da baƙi, ba sa yin wannan shirun. Suna rubuta takardar koke, suna ajiye kwafi, suna soke rajista. A da ina yi musu kallon masu mita. Na daina.

Jami'an sintirin babban titi sun tsaya a kanmu sau ɗaya, kuma su kam sun yi abin kirki. Sun ba Baffa bargon nan mai ƙyalli da ke riƙe ɗumin jiki, suka kira kamfanin da kansu. Ina jin kiran nasu ne ya motsa abin. Bakwai da rabi janwe ya iso. Direban mutumin arziki ne, shi ya ɗaga Baffa ya zaunar da shi a gaba ya ƙure masa na'urar ɗumama mota. Da na tambaye shi me ya tsayar da shi, sai ya nuna mini allonsa: bai fi minti arba'in da aka turo masa aikin ba. Duk alkawuran nan na biyar da na shida, babu kowa a hanya lokacin da ake yin su.

Shi ma ba Leeds zai kai mu ba. Umarnin da aka ba shi ya sauke mu a wurin hutawar matafiya na Hartshead Moor, wata motar ta zo ta ɗauke mu. Muna shiga wurin na dubi agogon bango, takwas ta wuce da minti goma. Baffa ma ya duba. Bai ce komai ba, ya nemi wuri ya yi alwala da ruwan ɗumi, muka rama sallolinmu.

Washegari ya kira ni gidansa, ya shimfiɗa littafinsa, ya yi ta faɗa ina bugawa a kwamfuta. Takarda shafi ɗaya, lokaci bayan lokaci. Bayan sati uku amsa ta zo da ban haƙuri da tayin rage mini wani abu a kuɗin shekara mai zuwa. Na karanta masa. Ya ce in soke rajistar, na soke.

Ba mu jira wani satin ba. Ranar Litinin da ta biyo bayan Asabar ɗin na ɗauki hutu a wurin aiki muka hau jirgin ƙasa daga tashar Victoria. Mun tarar an mayar da amininsa wani ɗaki tun daren Lahadi, an sa masa abin numfashi, magana ba ta fita. Ɗansa ya ce ranar Asabar yana zaune a kan gado har takwas, yana tambaya ko sun iso. Baffa ya ja kujera ya riƙe masa hannu, ya yi ta ba shi labarin ranar da suka sauka a Landan da rigunan da ba sa tare sanyi. Mutumin yana lumshe ido yana matse masa yatsu. Ni na fita baranda na bar su.