Kalkuletar da na kusa mayarwa saboda 8 da 9

Saboda yaran da nake wa lesin da yamma na saye ta, irin mai madannai da yawan nan da kowa ya san kuɗinta. Kwana biyu da saye, ina tsaye gaban allo zan buga 89, na danna 8 shiru, na danna 9 shiru. Sauran madannan lafiya lau. Raina ya ɓaci sosai. Washegari na hau adaidaita sahu na koma kasuwa, tun kafin in gama sallama na fara faɗa: "Alhaji, wannan ai cuta ce, jabu ka ba ni!" Yaron shagonsa ya karɓa, ya leƙa fuskarta, ya ce, "Malam, ai a OCT take." Ya danna DEC, wato ƙirgen tushe goma da muka saba, 8 da 9 suka dawo. Ashe wani ɗalibina ne ya yi wasa da ita ya bar ta a OCT ɗin, wato ƙirgen tushe takwas, inda lambobi ke tsayawa a 7. Ni malamin lissafi guda! Kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kunyar nan ce ta sa na zauna na koyi wurin da kyau, kuma wallahi ya biya ni. Na rubuta 35 a tushe takwas, na tambayi yara ko firam ce, wato lambar da ba ta rabuwa sai da 1 da kanta. Duk suka ce a'a, ai da 5 ta ƙare. Na danna DEC, sai ga 29. Aji ya yi tsit. Muka bi da 15 ta ba da 13, 65 ta ba da 53, 75 ta ba da 61, duk firam. Ita kuwa 11 da suka rantse a kanta, 9 ta fito. Abin da ya rage musu na dogaro shi ne, in ka cire 2, kowace firam da 1, 3, 5 ko 7 take ƙarewa. Har dabarar haɗa lambobi da muke yi don gane ko lamba na rabuwa da 9 muka gwada, a nan 7 take wa aiki: 61 ta tushe takwas, 6 da 1 bakwai ke nan, kuma 49 ce.

To a nan muka sake ɓatawa da kalkuletar. Ina nuna musu lambobin Mersenne, wato waɗanda ake samu in an yi ta riɓanya 2 da kanta sannan aka cire 1, a tushe takwas 31 ta koma 37, 127 ta koma 177, 8191 ta koma 17777, yara suna ta ihu ganin bakwai-bakwai a jere. Na ce bari in rufe da 2147483647, wadda masanin lissafi Euler ya tabbatar firam ce a 1772. Kamata ya yi 1 ta fito da 7 guda goma a bayanta. Sai kawai ta rubuto min ERROR a gaban yara, dole na koma alli.

Kuma da takardar cikin kwalin ta yi bayanin OCT ɗin nan da rubutun da ido zai iya gani, da ban yi asarar kuɗin mota zuwa da dawowa ba. Fuskarta ma in magariba ta kawo kai sai ka karkata ta kafin ka ga komai. Har yau ban iya bi ta layin shagon Alhajin nan ba, ta baya nake zagayawa.