SkillBridge ga hafsan leƙen asiri mai shirin tuɓe kaki: inda shirin ke da amfani da inda yake barin mutum

SkillBridge shiri ne na Ma'aikatar Tsaron Amurka da ke bai wa soja damar kwashe kwanakinsa na ƙarshe a bakin aiki, har zuwa 180, yana koyon aiki a kamfani ko wata ma'aikatar farar hula. Albashinsa da alawus ɗin gida da kula da lafiyarsa duk suna ci gaba da fitowa daga soja, kamfanin ba ya biyan shi ko sisi. Ƙa'idojin shirin suna cikin umarnin ma'aikatar mai lamba 1322.29 na 2014, sojojin ƙasa kuma suna gudanar da shi ƙarƙashin nasu tsarin da suke kira CSP. Ya bambanta da cibiyar Oshodi ta Legas, inda ake tara sojojin Najeriya masu shirin ritaya a koya musu sana'a wuri guda. A SkillBridge kai ne za ka nemo kamfanin, ka yi musu bayanin kanka, su amince su ɗauke ka.

Ga makaniken jirgi ko direban babbar mota abin a miƙe yake, domin aikin da ya yi a soja yana da suna iri ɗaya a waje. Hafsan leƙen asiri, ko lambar aikinsa 35A ce ta sojan ƙasa, ko 14N ta sojan sama, ko 1830 ta sojan ruwa, yana fitowa ne da shekarun aikin da ba zai iya ba da labarin mafi yawansa ba. Shirin ya cancanci a nema, babu tantama. Sai dai lokaci da ƙofar shiga kawai yake bayarwa. Mayar da gogewar nan zuwa harshen da mai ɗaukar aiki zai gane, wannan a wuyan hafsan yake.

Kwana 180 ɗin da ake tallatawa iyaka ce, kuma hafsoshi ba kasafai suke kaiwa gare ta ba. Tun 2023 sojojin ruwa suka rarraba kwanakin bisa muƙami: ƙananan sojoji 180, hafsoshi daga O-4 (laftanar kwamanda) zuwa ƙasa 120, daga O-5 (muƙamin da ke samansa) zuwa sama 90. Sauran rassan ma sun bi sahu da nasu ragin, don haka a duba umarnin reshen mutum na baya-bayan nan kafin a yi lissafi. Hutun ƙarshe da mutum ya tara shi ma cikin kwanakin nan 180 yake shiga, ba a ɗora shi a kai.

Babbar ƙofar da ake makalewa ita ce ta kwamanda. Shiga shirin ba haƙƙi ba ne, sai ya sa hannu, kuma yana da dalilin jan ƙafa: muddin kana SkillBridge sunanka na nan a jerin rundunar, ba za a turo wani ya maye gurbinka ba. A bataliya, jami'in S2, wato mai kula da sashen leƙen asiri, sau da yawa shi kaɗai ne hafsan leƙen asiri, kuma galibi shi ke riƙe da takardun izinin sirri na kowa da kula da ɗakin ajiyar bayanan sirri. Idan ya tafi wata uku, wa zai riƙe? Buƙatar da ake amincewa da ita ita ce wadda ta zo da amsar wannan tambaya a rubuce: sunan wanda zai karɓa, ranar da za a miƙa masa, da horon da aka riga aka ba shi. Tun da dokar TAP, shirin shirya soja ga rayuwar farar hula, ta ce a fara shirin fita aƙalla kwana 365 kafin ranar sallama, a lokacin ne ya kamata kwamanda ya fara jin maganar. Wanda ya bari sai saura wata biyar, shi ya ba da hujjar a hana shi.

Kafin a buɗe jerin kamfanonin da ke shafin shirin, akwai shawarar da dole a yanke: za a ci gaba da aikin da ke buƙatar izinin sirri, ko za a fita daga wannan duniya gaba ɗaya? Jerin ba zai yanke maka ba, kuma binciken cikinsa ba shi da daɗi, za ka tarar da guraben da aka cike tuni da adiresoshin da ba a amsa saƙo.

Hanya ta farko ita ce ta kamfanonin kwangila irin su Booz Allen Hamilton, CACI, Leidos da SAIC. A nan izinin TS/SCI, wato na ganin bayanan sirri mafi girma, shi ne jarin hafsa, domin binciken sabon mutum yana cin watanni, kamfani kuwa yana son wanda zai zauna kan kujera gobe. Izinin na kujerar aiki ne, ranar da aka sallame ka ake rufe damar ganin bayanan, amma cancantarka tana nan, kuma ana iya farfaɗo da ita idan tazarar barin aiki ba ta kai wata 24 ba. Ta wuce haka, sai a koma cike SF-86, fom ɗin neman izinin sirri, daga farko. Ka sa jami'in tsaron rundunarka ya duba maka tsarin DISS, rumbun bayanan izinin sirri, tun kana ciki, ka san ranar bincikenka na ƙarshe, ka kuma tabbatar babu wani rahoto da ke rataye. Gwajin na'urar gano ƙarya ma iri biyu ne. Yawancin hafsoshin soja da aka yi wa gwajin suna da na hana leƙen asirin abokan gaba ne kawai, alhali kwangilolin hukumomin leƙen asiri na NSA da CIA suna neman cikakken gwajin da ya haɗa da rayuwar mutum. SkillBridge ba zai samar maka da shi ba. Sannan ayyukan a 'yan wurare suka taru: kewayen Washington, Fort Meade a Maryland, Tampa, San Antonio, St. Louis. Mai son komawa garinsu ya san da wannan.

Ga wanda ke da iyaye ko 'yan'uwa a Kano ko Maraɗi, wajibcin bayyana alaƙa da 'yan ƙasashen waje, da tafiye-tafiye, da gida ko fili da aka mallaka a can, yana bin mutum zuwa kamfanin. Samun dangi a waje ba laifi ba ne. Ɓoye su ne ke kashe izini.

Akwai wani tarko da shirin bai cika jan kunne a kai ba. Mai SkillBridge har yanzu hafsa ne mai ci, dokokin tarayya na sashe na 203 da 205 da 208 na kundi na 18 suna kansa. Ba zai wakilci kamfani a gaban gwamnati ba, kuma bai kamata ya koyi aiki a kamfanin da yake sa ido kan kwangilarsa ba. Yawancin aikin kwangilar leƙen asiri kuwa a cikin ginin gwamnati ake yin sa, kafaɗa da kafaɗa da ma'aikatanta. A nemi ra'ayin lauyan rundunar a rubuce kafin a sa hannu. Mai ritaya da ke hangen aikin gwamnati na leƙen asiri (rukunin 0132) a shafin guraben aiki na USAJOBS shi ma ya tuna cewa ba a naɗa shi muƙamin farar hula a Ma'aikatar Tsaro cikin kwana 180 bayan ritaya sai da izini na musamman.

A hanya ta biyu ce shirin ya fi nuna amfaninsa. Bankuna suna da sassan bin diddigin halatta kuɗin haram, manyan kamfanoni suna da ɗakunan sa ido kan haɗarin da ke fuskantar ma'aikatansu da kayansu a duniya, kamfanonin tsaron intanet suna da masu nazarin ƙungiyoyin kutse. Duka aiki ɗaya ne da na hafsan: tattara bayanai masu karo da juna, auna amincin majiya, rubuta taƙaitaccen hukunci ga mai yanke shawara. Amma manajan banki ba zai ɗauki mutum kan alkawarin cewa ya yi manyan abubuwan da ba za a faɗa ba. Wata uku yana ganin rahotonka a teburinsa, wannan ne ke gamsar da shi. Shirin Hiring Our Heroes na gidauniyar Majalisar 'Yan Kasuwar Amurka, wanda ke ƙarƙashin SkillBridge, ya fi tsari a wannan fanni: mako 12, kwana huɗu a kamfani, rana ɗaya ta horo, kuma su ke tura CV ɗinka ga kamfanoni a yi maka tambayoyi kafin a fara. Ya dace da kwana 90 da manyan hafsoshi ke samu. A haɗa da takardar shaida guda da ta dace da hanyar, CAMS ga banki, Security+ ga tsaron intanet, PMP ga kula da ayyuka. Shirin Onward to Opportunity na Jami'ar Syracuse yana ba da horon wasu daga cikinsu kyauta. Tara shaidu biyar ba tare da alƙibla ba ɓata lokaci ne.

Kan CV ne aka fi yin asara. Layi irin "na riƙe S2, na jagoranci IPB, na kula da ISR" ba ya gaya wa farar hula komai. Aikin nan dai, a ce: "na jagoranci ma'aikata takwas da ke haɗa bayanai daga majiyoyi daban-daban, muna miƙa wa shugaban ƙungiya mai mutum 600 rahoton haɗari kowace safiya." Yawan mutanen da ka shugabanta, darajar kayan da ka sa wa hannu, saurin fitar da rahoto, matsayin wanda ke karanta shi, waɗannan ne ake iya faɗa kuma su ake saye. Sunayen ayyuka, wurare, majiyoyi da hanyoyin tattara bayanai ba sa shiga. Yarjejeniyar riƙe sirri ta SF-312 da ka sa wa hannu ba ta ƙarewa da ritaya, kuma wanda ya yi aiki da hukuma irin NSA sai an tantance CV ɗinsa kafin ya fitar da shi. Tantancewar tana cin lokaci, don haka a miƙa shi kafin a fara neman kamfani, kuma abin da aka wanke shi kaɗai ake sawa a LinkedIn ko ClearanceJobs.

Kamfani ba ya ɗaure da alkawarin ɗaukar ka bayan an gama, wasu ma hannu kyauta suke nema. Ka tambaye su kai tsaye: mutum nawa suka karɓa ta shirin bara, nawa suka ɗauka, kuma akwai kujerar da aka ware wa kuɗi a sashen da za ka zauna? In amsar ta zo da kwana-kwana, ka ci gaba da neman aiki a wasu wuraren tun makon farko. In an zo maganar albashi kuma, ka lissafa da cewa alawus ɗin gida da na abinci a soja ba a cire musu haraji, don haka adadin da ya yi daidai da jimillar kuɗinka na yanzu a takarda zai zo aljihu da ragi, kafin ma a cire kuɗin inshorar lafiya.