Wurin wasan yara na unguwarmu: inuwa ta yi, ƙarfe ne matsala

Duk wanda ya yi bazara a Sakkwato ya san abin da ake fara dubawa a wurin shaƙatawa: inuwa. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma yaro ba ya jin rana sai ta kwantar da shi. Shi ya sa na ji daɗin ƙaramin filin wasan da aka kewaye a ɓangarenmu na Arkilla, inda muke zuwa da yarana ranar Asabar bayan La'asar.

Wanda ya tsara wurin ya yi hankali da bai sare itatuwan dogon yaro da ya tarar ba. Dogon yaro ba ya tsiraicewa da rani kamar wasu itatuwa, saboda haka ko cikin bazara akwai wajen fakewa. Ƙarƙashinsu aka jera bencina na siminti, aka bar fili ga masu zuwa da tabarma. Daga inda uwa take zaune tana hango lilo, tana hango ƙofa. Ƙofar kuma ɗaya ce, da wani dattijo zaune bakinta wanda ba ya barin ƙaramin yaro ya fita shi kaɗai. Wallahi wannan ya fi mini komai kwantar da hankali, domin titin da ke waje 'yan kabu-kabu ba sa ragawa kowa.

Kuɗin shiga bai kai abin da za ki biya Keke Napep zuwa babbar kasuwa ba. Akwai mai zoɓo da kunun zaƙi masu sanyi, akwai mai awara, kuma ba a hana shigowa da abincin gida. An ware gefe guda an share, an ajiye butoci da randar ruwa, don haka Magariba ba ta korar mutane gida.

Abin da ya sosa mini rai shi ne abin zamiyar yara. Na ƙarfe ne, kuma shi kaɗai aka dasa a tsakiyar rana, nesa da kowace bishiya. Autana ya ruga zai hau, dattijon ya ɗaga sanda ya ce, "Ɗiyata, riƙe shi, bari rana ta hwaɗa tukun." Na ɗora tafin hannu a kan ƙarfen, ban iya daɗewa ba, alhali ƙarfe biyar ta wuce. Na ce, "Baba, kullum haka yake?" Ya ce tun shigowar zafi aikinsa ke nan, korar yara daga kansa. Allah Ya saka masa da alheri, amma tsaron fatar yara bai kamata ya rataya a kan idon tsoho ɗaya ba. Rumfar zana ko ta kwano za ta magance wannan cikin yini guda.

Lilon ma ɗaya daga cikin sarƙoƙinsa an ɗaure ta da waya, kuma ƙasan wurin tsakuwa ce maimakon yashi mai laushi, ga yashi nan birjik a bakin gulbin Rima. Makewayi yana da tsabta, sai dai ruwansa kan ƙare kafin yamma ta yi nisa.

Duk da haka ina ba iyaye shawarar zuwa, musamman masu zama gidan haya da ba tsakar gida, waɗanda yaransu ba su da wajen gudu sai bakin titi. Ku je bayan biyar da rabi, ku riƙe ruwanku da tabarma, ku sa wa yara takalmi mai rufi saboda tsakuwa. In lokacin hunturu ne, daga Disamba zuwa Janairu, hantsi ya fi, a haɗa da rigar sanyi da man shafawa. Kafin yaro ya hau kowane ƙarfe, ki fara taɓa shi da hannunki.