Shekara uku na yi a kwalejin ilimi, ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Ƙanina ne ya ishe ni tun da makinsa na JAMB ya ƙi kaiwa na jami'a, wai Yaya in tafi NCE ɗin nan, wato karatun malanta na kwalejin ilimi, ko in ƙara jira baɗi, shi ya sa na ce bari kawai in rubuta abin da na gani a kwalejin da na yi a nan jihar Gombe.

Gaskiya ni ma da haushi na shiga, abokaina suna jami'ar jiha ta GSU wasu suna jami'ar tarayya ta Kashere, ni kuma in an tambaye ni sai in yi ƙasa da murya. Amma wallahi sauƙin kuɗin ba wasa ba, rijista ba ta kai ta jami'a ba, kuma a gida nake kwana ina cin tuwon Inna, da safe in hau napep, bayan la'asar ina shagon POS ɗina, da shi na biya kusan komai ban ɗora wa Baba nauyi ba.

Inda na san ban yi asara ba shi ne TP, wato gwajin koyarwa da ake tura ɗalibai makarantu su yi. Aka tura ni wata firamare aji huɗu, yara dam wasu a benci wasu a ƙasa, na shiga da lesin not ɗina da na kwana ina tsarawa, ko minti goma ba a yi ba na karance shi tas, na tsaya riƙe da alli hannuna yana rawa, wata 'yar yarinya a gaba ta ce Malam ka gama ne? Wata tsohuwar malama ce ta ja ni gefe ta nuna min yadda ake koyar da rabawa da marfin kwalba, har yau da shi nake aiki. Lakcarorinmu ma akwai na Allah, in ka yi fashi biyu sai sun tambaya ko lafiya.

Toh amma akwai takaici fa. Sayen handawut ɗin lakcarori kamar dole, wani ajin in ba ka zo da wuri ba ta taga za ka ji lakca, sannan maki na na wani kwas ya ɓata, na yi ta zarya ofis ana ce min ka dawo gobe har simesta ta ƙare kafin a gano takardata.

Sai lissafin shekaru, wannan ne ba a gaya wa yara. NCE shekara 3 ce, ba a zuwa bautar ƙasa da ita, in kana son digiri sai ka sake sayen fom ɗin DE (Direct Entry, na masu shiga jami'a da wata takarda irin NCE) a JAMB ka shiga aji biyu, wato wasu 3, jimla 6, alhali wanda ya tafi jami'a kai tsaye 4 zai yi. A Amurka a kwalejojin da ake kira community college shekara 2 ake yi mutum ya wuce jami'a ya ƙarasa sauran 2, mu namu sai haƙuri. Ita dai takardar tana aiki, da ita ake ɗaukar malamin firamare, ka yi rijistar TRCN, hukumar rijistar malamai, sai dai albashin makarantun kuɗi kam sai a hankali.

Ni tauraro uku da rabi na ba su cikin biyar. Ƙanin nawa na ce ya je, amma ya zaɓi haɗin kwas da zai iya yin DE da shi, kuma duk rasit ɗin da aka ba shi ya yi hotonsa ya adana.