Yaron gyara na unguwar Zariya ya fitar da ni kunya, amma hotunana sun tafi

Tun lokacin kokowar takobi ta watan Disamba kwamfutata ta cinya ke ba ni ciwon kai. In bidiyo yana ɗan ƙaramin akwatinsa, lafiya lau. Da na danna ya cika allo sai hoto ya fara cijewa, murya ta yi gaba ta bar shi a baya. Yara sun kewaye ni a tsakar gida, ɗan kokowa ya ɗaga abokin karawarsa sama, hoto ya ƙame. Kafin ya dawo har an yi kaye, makaɗa sun cika fili. Na ɗauka matsalar rezo ce, wato layin intanet, na yi ta ƙona kuɗi a forfe na data, sai da na ga bidiyon da na sauke na ajiye ma haka yake yi.

Na fara kai ta wurin wani mai gyara a bakin babbar kasuwa. Ko bidiyo bai kunna ba ya ce birus ne, a goge a sake zuba Windows. Jaka 10 ya karɓa. Na dawo gida abin ya fi da muni, ga hotunan sunan ɗiyata da ya rantse ya kwashe, babu ko ɗaya.

Ɗan maƙwabcina da ke karatu a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ne ya tura ni wani ɗan shago a unguwar Zariya. Da na ga yaron sai gabana ya faɗi, ko gemu bai tara ba. Ya ce, "Baba, zauna mu gani tare." Ya nuna mini inda aka rubuta Carte vidéo de base Microsoft, ya ce mai gyaran farko bai sa mata pilot ɗin hoto na Intel ba, wato manhajar da ke sa katin hoto aiki, shi ya sa furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, kaɗai ke ɗaukar kayan, kuma cika allo ƙarin kaya ne. Ya sa shi, ya kunna wurin da ke bari Chrome ya miƙa aikin bidiyo ga katin hoto. Sannan ya kwance bayanta. Wallahi ƙurar hunturu ta dunƙule a bakin fanka kamar audugar katifa! Ya ce asalin ciwon ke nan: in ta yi zafi, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ya share da ɗan buroshi, ya canza man da ake shafa wa furosesa don rage zafi. Ya kuma ce in bar ingancin bidiyo a 720, tunda allona 1366 a 768 ne, 1080 wahalar banza ce gare ta. Jaka 3 duka.

Yanzu sumul take tafiya, ƙasanta ma ya daina gasa mini cinya.

Amma ba zan ɓoye ba, ya ɓata mini rai. Ya ce in dawo bayan la'asar, na biya kabu-kabu na zo na tarar da shago a rufe, wai kuran (wutar lantarki) ya ɗauke, kuma ko kira bai yi ba alhali lambata na hannunsa. Da na karɓa kashegari, kusa ɗaya ta baya babu, gefen yana ɗan ɗagawa. Hotunan kuma ya ce zai gwada dawo da su, daga baya ya ce sabon Windows ya hau kansu. Na san ba shi ya goge ba, amma da bai sa mini rai ba, don har na faɗa wa uwar yarinyar an kusa samo su.