Allurar gwiwa a asibitin ƙashi: aikinsu ya yi, amma ku riƙa tambayar abin da ke cikin sirinji

Tauraro huɗu na ba su cikin biyar. Mahaifiyata na kai, ciwon gwiwa ya matsa mata har tashi daga zaune sai da dafa bango, likitan ƙashi ya duba hoton ya ce guringuntsin gaɓar ne ya fara cinyewa, za a yi mata allura a cikin gwiwar. Wajen tsaf yake, nas ta wanke fatar sosai, likitan ya sa na'urar sikanin yana kallon bakin allurar a allo har ta shiga inda ake so, Hajiya ko motsi ba ta yi ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne maganin kashe zafin da ake haɗawa a ciki, don da yawanmu ba ma tambaya, in dai zafi ya tafi shikenan. Nan kuwa akwai magana. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, ƙwayoyin halittar da ke cikinsa kaɗan ne kuma in sun mutu da wuya su dawo, to an gano a ɗakin gwaji cewa magungunan kashe wuri irin su lidoken da bufibaken, wato Xylocaine da Marcaine kamar yadda za ku gani a jikin kwalba, suna kashe waɗannan ƙwayoyin, kuma ɓarnar na ƙaruwa ne da ƙarfin maganin da kuma daɗewarsa a wurin. Guringuntsin da ya riga ya fara lalacewa ya fi saurin cutuwa, ga shi masu irin wannan gwiwar su ne ake yawan yi wa allurar. Haɗa maganin kashe zafin da sitiroyid, wato maganin rage kumburi, ma a wasu gwaje-gwajen ƙara ɓarnar ya yi. A 2009 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da gargaɗi bayan rahoto 35 na mutanen da guringuntsinsu ya narke, kusan duka a kafaɗa, bayan tiyata an bar musu ɗan famfo yana ɗiga maganin cikin gaɓa awa 48 zuwa 72.

Da na ɗago maganar na zaci likitan zai haɗe rai, ai kun san wasu ba sa son tambaya. Wallahi sai ya juyo kwalbar ya nuna min, rofibaken ne mara ƙarfi, Naropin, ya ce "Alhaji shi muka fi sawa saboda ya fi sauƙi a kan guringuntsi, kuma kaɗan ne." Ya ƙara da cewa allura ɗaya daban, famfon da ke zuba kwana biyu daban, kar in tsorata Hajiya. Gaskiyarsa ce, abin da ya faru a faranti a ɗakin gwaji ba lallai ya faru haka a gwiwar mutum ba inda ruwan gaɓa ke tsarma maganin jini kuma na kwashe shi.

Na tambaye shi batun sinadarin magniziyam a madadin maganin kashe wurin, tunda a 2011 wasu likitoci a ƙasar Ayalan sun gwada shi a kan ƙwayoyin guringuntsin mutum suka ga bai yi ɓarnar da magungunan kashe wurin suka yi ba, kuma yana rage zafi ta hanyar toshe wata kafa a jijiya da ake kira NMDA. Ya ce an fi gwada shi bayan tiyatar gwiwa ta kyamara, su ba sa sawa a allurar yau da kullum. Na so a ce suna da shi ko don zaɓi, amma ban ga laifinsu ba.

Inda suka rasa tauraro ɗaya, katin da suka ba mu "allurar gwiwa" kawai aka rubuta, ba sunan magani ba yawansa, in gobe wani asibitin muka je me za mu ce an sa? Sai da na koma na sa nas ta rubuta. Sannan ta wajen karɓar kati har ta fara ba mu ranar allura ta biyu alhali likita ya ce a fara gashi da motsa jiki tukuna a ga yadda gwiwar za ta yi. Wannan kam su gyara, ba ita ce za ta yanke ba.